Lallen da Na Gani ta Ƙarƙashin Zana

An hana ni kallon rawar Kyauta, kuma har yau ban yafe ba. Waɗanda suka hana ni duk sun rasu, ina yi musu addu'a kamar yadda nake yi wa kowa, amma wannan maganar guda ɗaya tana nan inda na ajiye ta. Wata Alhamis ce da bazara a Salaga, mangwaro ya nuna har yana faɗowa da kansa, ina yarinyar da ba ta gama famfara ba. 'Yan makarantar boko suna zaune a ciki suna kallo, ni kuwa ina waje, kwance rub da ciki cikin zanen sallata, ina leƙe ta ƙarƙashin zana. Ƙafafu kawai na gani.

Abin da ya taso mini da maganar shi ne jikata Zainabu. Kwanakin baya ta dawo daga makaranta a nan Bawku tana tsalle, wai masu rawa za su zo, malamarsu tana shirya su. "Kaka, an ce ba za su yi magana ba, jikinsu ne zai ba da labari." Na ce mata na sani. Ta tsaya tana dubana, don ta san ban yi boko ina yarinya ba. To, ga yadda aka yi na sani.

Gidanmu a Salaga tsohon gida ne na fataken goro, amma kafin a haife ni goron ya bar hannunmu, sai sunan kawai. Baba doya yake lodawa zuwa kudu, ya fi daɗewa a hanya a kan yadda yake daɗewa a gida. Mma, mahaifiyarmu, masa take soyawa. Kaka Ladi, mahaifiyar Baba, ta tsufa, aikinta ɓarar gyaɗa da gyara wa mutane Hausa. Mu biyu ne yara a lokacin, ni da ƙanena Inusa. Da aka zo maganar makaranta Baba ya ce ɗaya ya isa, aka ɗinka wa Inusa kaki, ni kuma aka naɗa mini gammo. Ba da mugunta ya yi ba, haka ake yi a unguwarmu, kuma ba wanda ya tambaye ni. Da an yi sallar asuba zan ɗauki tulu in nufi rijiya. Da bazara ruwa yakan ja da baya, ki zura guga har igiya ta ƙare, ya dawo da rabi, rabin ma laka. Sai mu zauna a bakin rijiya, yara mata da manya, muna jiran ruwa ya taru, hannuwa duk kanta. In na dawo in tarar Mma ta ɗora tanda, in yi ta miƙo mata itace, hayaƙi yana cin idona, har tire ya cika. Daga nan sai makaranta, ni da Inusa hanya ɗaya, shi da allonsa na boko a hammata, ni da masa a ka. A bakin fili muke rabuwa.

Wurin zamana gindin wata dalbejiya ne, daf da tagar ajin su Inusa. Tagar ba gilashi, katako ne da ake tokarewa da sanda, saboda haka duk abin da aka faɗa a ciki a kunnena yake. Kafin a buga ƙarfen fita cin abinci ba ciniki, sai in miƙe in ɗora haɓata a kan tagar. Malamin ajin, Ticha Ofori, mutumin Kete Krachi ne, siriri, mai yawan share gumi. Ajin nan akwai 'ya'yan Gonjawa, da Dagombawa, da Kotokoli, da namu, kuma Turanci bai zauna musu ba tukuna, don haka in yana son a gane shi da gaske sai ya juye Hausa, irin ta zango, unguwar baƙi, wadda kowa ke ji. Bai taɓa korata ba. Iyakacinsa ya ce, "Kai, mai masa, kanka yana tare mana iska," in ɗan sunkuya, in ya juya baya in sake tasowa.

Wata safiya ya ajiye alli ya ce masu rawa za su zo daga Yendi, za su mayar da wani labari rawa, kuma ba ya son ajinsa ya je ya zauna kamar tumaki. Saboda haka zai ba su labarin tun yanzu, kaɗan-kaɗan, har ya shiga jikinsu. Labarin wani gari ne da Ruwa ya yi fushi ya bar musu rijiyoyi. Manya suka yi ta haƙa, suka yi ta yasa, banza. "Sai Kyauta ya ɗauki igiya," in ji Ticha, "ya ɗaura a kugu, ya shiga rijiya. Shi ƙarami ne, amma bai ji tsoro ba." A can ƙasa Kyauta ya gamu da kwaɗo, kwaɗo ya nuna masa wata ƙofa, ya bi har ya iske Ruwa zaune ya juya wa duniya baya. Ruwa ya ce kullum ana ɗibansa, ba wanda ya taɓa ce masa ina kwana. Kyauta ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta yi masa rawa har Ruwa ya yi dariya, ya tashi ya biyo shi gida. Ni da nake kwana in tashi a bakin rijiyar da ke ba da rabin guga, wannan labari bai zama mini tatsuniya ba. Washegari da na je ɗiba sai da na leƙa na ce ina kwana, a hankali, don kada matan su ji.

Ticha bai tsaya ga labarin ba. Kullum bayan sun ci abinci sai ya sa a ture bencina gefe. Ya gaya musu masu rawar ba za su buɗe baki ba, don haka ido ne zai yi aikin kunne. Ya tambaye su yadda mai ƙishirwa yake tafiya, suka tashi suna layi suna faɗuwa a kan juna suna dariya, ya ce a'a, wannan tafiyar mashaya ce, mai ƙishirwa ba ya ɓarnar ƙarfi, jan ƙafa yake yi. Ya sa su haɗa hannu su zagaye su zama bakin rijiya. Ya ce in sun ga shuɗin ƙyalle yana kaɗawa, Ruwa ne. In sun ji kalangu ya sauke murya, an shiga ƙarƙashin ƙasa. In sun ga mutum a tsugune yana tsalle kada su yi ihu, kwaɗo ne. Ya kuma ja musu kunne cewa wannan ba rawar biki ba ce, kada wani ya ruga cikin fili ya yi liƙi, kada a yi guɗa, tafi sai ganguna sun yi shiru. Duk wannan ina bakin taga ina haɗiyewa. Yaran ciki wasu suna hamma, wasu suna tsunkulin juna. Ni in na tashi komawa gida, da tire a ka, sai in yi ta jan ƙafa a kan hanya ina gwada tafiyar ƙishirwa, har wata mata ta tsayar da ni ta tambaya ko ƙaya na taka.

Da yamma kuma wasan ya koma bayan gidanmu, inda akwai wani rami da aka ɗebi ƙasar gini. Inusa ya sato tsohuwar igiyar gugar Mma, yaran unguwa suka taru, kowane namiji yana ɗaura ta a kugu yana sauka, shi ne Kyauta. Ni aikina riƙe igiya, in an ji tausayina a ce in zama kwaɗo. Sau ɗaya na ce a ba ni in sauka, Inusa ya fizge igiyar ya ce, "Kyauta namiji ne. Mace ɗiba take yi, ba ta shiga." Ban yi musu ba. Ban taɓa ganin mace a cikin rijiya ba. In za a yi yasa maza ake kira, mu mata mu tsaya daga nesa da tuluna. Wannan shi ya fi ci mini rai in na tuna, cewa na yarda nan da nan, na koma na tsuguna ina tsallen kwaɗo, ni da na fi su duka sanin labarin.

Ranar Alhamis ɗin na roƙi Mma ta bar ni in ɗaura zanen salla. Ta harare ni, amma ta san za a yi taro, masa za ta ƙare, sai ta bari. A zuciyata babu shakka ko kaɗan. Ina ganin tun da kullum ina bakin taga ba a kore ni ba, yau ma zan tsaya daga baya in kalla. Da muka isa sai na ga an kewaye filin makaranta da zana, sabuwa da tsohuwa, an bar ƙofa ɗaya, maigadi yana tsaye da sanda. Wai shugaban makaranta ya ce in aka bar fili a buɗe mutanen gari za su cika shi, yara ba za su ga komai ba. Mai kaki ya shiga, marar kaki ya tsaya. Inusa ya wuce ko waiwaye bai yi ba. Na ce wa maigadi, Baba, ni ce mai masar nan ta gindin dalbejiya, na san labarin duka. Ya ce ya san ni sarai, in je in sayar da masata. Na hango Ticha Ofori daga nesa yana jera yara, yana share gumi, bai dubi ƙofa ba.

Aka fara kiɗa. Ban san ko kun taɓa jin ganga tana kiran ku alhali an tare muku hanya ba. Na bi zanar nan ina zagayawa, ina neman huda, manya sun riga sun tsaya a duk inda ke da 'yar kafa. Sai can baya, wajen juji, na sami inda gara ta cinye gindin wata tsohuwar zana. Tsugune ba ya isa, dole sai an kwanta. Na sauke tire na ajiye a gefe, na kwanta da zanen sallata a cikin ƙasa, na manna kunci.

Ƙafafu ne birjik, manya, masu kaushi, da akayau a idon sawu. Suna jan ƙasa a hankali, nan take na gane, mutanen gari ne masu ƙishirwa, daidai yadda Ticha ya faɗa. Suka taru suka zagaye, na ce ga bakin rijiya. Sai ga wasu ƙafafu ƙanana sun fito daga gefe, bakin igiya yana jan ƙasa a bayansu. Kyauta ne. Suka tsaya a tsakiya, suka ɗaga a kan yatsu, suka fara juyawa, kalangu yana sauke murya, yana saukewa. Da suka juyo wajena, kusa har ina iya ƙirga yatsun, sai na ga lalle. Ja har ya yi baƙi, ya rufe tafin ƙafa ya hau gefe, an zana shi da kyau, irin wanda Mma ke ƙunsa mini da salla. Na runtse ido na buɗe, yana nan. Gefen shuɗin ƙyalle ya fara shigowa fili ke nan sai na ji sanda a sharaɓata. Maigadi ne. Na tashi da gudu, sai na ga akuya ta sa kai cikin tire, ta ci abin da ta ci, ta tattake saura.

Dukan da Mma ta yi mini saboda masa da zane ba shi ne labarin ba, na sha irinsa kafin nan da bayan nan. Da la'asar ina zaune a tsakar gida ina wanke tanda, Inusa ya shigo fuska a murtuke, ba irin wanda ya dawo daga kallo ba. Na ce masa, Kyauta mace ce. Ya ce ƙarya nake yi, me na gani, ni da aka kora. Na ce na ga lalle. Ya ce an shafe fuskar da farar ƙasa, an ɗaure kan da ƙyalle, ba mai iya ganewa, kuma ko zane aka ɗaura ai kowa ya san mazan Yendi suna sa kayan mata su yi rawa. Wannan kuwa gaskiya ne, mun taɓa ganin irinsu a wani taro, ƙatti da ɗankunne suna murguɗa kugu. Ya ƙara da cewa Ticha da bakinsa ya ce "ya shiga rijiya", bai ce "ta shiga" ba. Na koma kan wankin tandata.

Kaka Ladi tana gefe da faifan gyaɗarta, ashe tana jin mu. Ta tofar da ɓawo ta ce, "Wane Ticha? Wannan da ke ce wa matarsa shi? Rannan ya tare ni a hanya ya ce mini, Kaka ka kwana lafiya. Na ce ni dai tun da aka haife ni ban taɓa zama ka ba." Mma ta yi dariya duk da fushinta. Ni ban yi ba. Na san Hausar Ticha ba ta raba mace da namiji, rabin mutanen zango haka suke magana, ni kaina kullum kai yake ce mini a bakin taga. Amma ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa "ya" ɗin nan na Kyauta zai iya zama "ta" ba, saboda an ce rijiya aka shiga. Na ce, Kaka, to mace ce ke nan? Ta ce ita ba ta je kallo ba, ba za ta yi shaidar abin da ba ta gani ba, in tambayi mai labarin. Mma ta ce, "Ta tambaye shi a ina? Ta shiga aji da gammo?" Aka bar maganar a nan, kowa ya koma aikinsa.

Bayan na yi aure na zauna a Yendi shekaru masu yawa, na tambayi tsofaffin makaɗa ko sun san masu rawar nan da suka taɓa zuwa Salaga, ba wanda ya tuna. Na ga raye-raye iri-iri, na biki da na sarauta, amma har yau ban san yadda Ruwa ya yi dariya ba, ban san yadda ya tashi ya bi yarinyar gida ba. Zainabu za ta gani. Ajinsu duka za su je, mata da maza, a zaunar da su a inuwa, kuma malamarsu ta nuna musu hotunan labarinsu tun kafin ranar, ba wanda zai yi gardama a kan ko wane ne wane. Ina yi mata murna, Allah Ya sani. Sai dai in na raka ta makaranta ina ganin 'yan mata da tire a bakin ƙofa, ba su kai na zamaninmu yawa ba, amma suna nan, kuma yanzu katangar bulo ce, ba ta da gindin da gara za ta ci. Gwiwoyina sun gaji, bakina ma ya gaji da faɗa. Nakan sayi abin da suke sayarwa in wuce.

Washegarin rawar Kyauta a Salaga Juma'a ce. Na je rijiya, na dawo, na taya Mma suya, na ɗauki tire, sharaɓata tana zafi. An kwashe zana, fili duk sawun ƙafa. Ban je gindin dalbejiya ba. Na ajiye tiren a bakin ƙofar aji, na cire gammo na ɗora a kai, na shiga. Ticha yana rubutu a allo, yara suka juyo suna kallona, Inusa ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ɗakin ya fi yadda nake ganinsa ta taga duhu, yana warin alli da gumi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, Ticha, Kyauta mace ce ko namiji?

Ya juyo da alli a hannu yana kallona, kamar na tambaye shi ko wuta tana da zafi. Ya ce, "Mace ne mana. Shi yarinya ne, kamar kai."

Ajin ya kaure da surutu. Na miƙe na dubi Inusa na ce masa yau da yamma ni zan ɗaura igiya. Sannan na fita na ɗauki tirena, don masa tana hucewa. Ban sake taka cikin aji ba sai da furfura ta fito mini, na shiga ajin manya.